Tsoron Da Ya Ƙi Barin Jikin Yaro

Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, reshen Kumbotso

Mun saba idan muka taru a wannan zaure maganarmu ta albashi ce, da ƙarin girma, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Yau mun roƙi shugabanni su ba mu dama mu kawo wata magana wadda ba ta cikin takardar koke, amma kowannenmu yana kwana da ita.

Za mu fara da wata yarinya, ba za mu ambaci sunanta ko makarantarta ba. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Iyayenta manoman rani ne daga wajen Kura, suka turo ta gidan gwaggonta a nan Kumbotso don ta yi karatu. Malamai sun san ta da abu uku: ba ta ɗaga kai, kullum tana neman izinin fita saboda ciwon ciki, kuma idan aka bugi tebur sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. A ɗakin malamai muka yanke mata hukunci tun kafin mu tambaye ta komai. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce iskokai ne, wani ya ce bulala biyu za ta warkar da ciwon cikin, kuma an gwada. Sai wata rana wata malama ta tsaya kusa da ita a wurin alwala, yarinyar ta naɗe hannun riga, malamar ta ga tabo a jere, wasu sun warke, wasu sababbi. Ba tsagar wanzami ba ce. Da aka zauna da ita a hankali, bayan kwanaki, ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tana da shekara bakwai aka bar mata ƙanenta ta kula da shi a bakin gona, ya zame cikin babbar magudanar ruwa a gaban idonta. Da aka ciro gawar, kalmar farko da ta ji daga bakin wani babba ita ce, “Ke kika kashe shi.” Tun daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen a gidan. Shekara shida ke nan tana ɗauke da shi ita kaɗai.

Wannan yarinya ta haɗa abubuwa uku da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka daɗe da gano alaƙarsu: firgicin da ya auka wa mutum yana ƙarami, da ciwon zullumi wanda ba ya da iyaka, da raunata kai da gangan. Muna so mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin mu da muka ga ƙarshen zaren kawai, mu gane inda ya faro.

A shekarar 1998 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara buga sakamakon wani bincike da ya shafi manya sama da 17,000 a birnin San Diego. Tambayoyin da aka yi musu masu sauƙi ne. Kana yaro an riƙa dukanka har ya bar tabo? An riƙa zaginka da wulaƙanta ka? Wani babba ya taɓa ka ta hanyar da ba ta dace ba? Ka ga ana dukan mahaifiyarka? Akwai mashayi a gidanku, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka ɗaure? Kusan kashi biyu cikin uku suka amsa da e ga aƙalla ɗaya. Abin da ya girgiza likitocin shi ne, gwargwadon yawan abin da mutum ya gani yana yaro, gwargwadon cututtukan da ke bin sa a girma. Waɗanda suka haɗa huɗu ko fiye, yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ninka na waɗanda ba su ga ko ɗaya ba kusan sau 12.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi irin wannan tambaya a faɗin Nijeriya. Yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Malam, ka ƙirga ajinka da wannan lissafi, ajin nan da yara suka haura ɗari, wasu a benci wasu a ƙasa.

Ga kuma abin da yankinmu ya gani da idonsa. Yaran da suke goye ranar 20 ga Janairun 2012, da bama-bamai suka tashi a Kano, yanzu su ne a sakandare. Sun taso a hannun iyaye mata da har yau ƙarar fashewar taya kan tsinka musu zuciya. Wasu daga cikinmu a wannan zaure suna ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Tarayya lokacin da aka kai mata hari a Satumban 2014. Bayan nan aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, aka kwashe na Jangebe a Fabrairun 2021, har gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana. Yaranmu sun ji duk wannan a rediyo, sun gani a wayar yayyensu. Sai dai a ganinmu firgicin da ya fi yawa a ajujuwanmu ba ya fita a labarai: hatsarin mota a titin Zariya, faɗan daba da ƙwacen waya a bakin layi, sakin uwa da tsakar dare, riƙo a gidan da ba a son ka, yarinya mai talla da wani ya kira cikin zaure. Har da shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a Kadawa, a 2016, maigida ya dawo da bashin taki da na magani a wuya, ya sauke haushinsa a kan iyali.

To, ta yaya abin da ya faru shekara shida da suka wuce yake hana yarinya barci yau? Allah ya halicci ɗan Adam da wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa wanda aikinsa gadi ne. Da ya hango hatsari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran da ke sa zuciya ta yi sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, hanji ya dakatar da aikinsa. Wannan rahama ce, da ita ake tsere wa maciji. Idan hatsarin ya wuce, wani babba ya rungumi yaro ya ce masa ya wuce, sai mai gadin ya koma ya zauna. Amma idan hatsarin ya yi ta maimaituwa, ko ya zo daga hannun wanda ya kamata ya yi rarrashin, ko aka rufe bakin yaro da “kada in sake jin wannan magana,” mai gadin ba ya sake zama. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu ya ce wannan ba abin tsoro ba ne, shi kuma ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Wato yaro yana da ƙararrawa mai ƙarfi, ba shi da cikakkiyar hanyar kashe ta. Hausawa sun ga gefen wannan da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wanda ke gudun tsumma ma da sauƙi, domin ya san abin da yake tsoro. Akwai matakin da tsoron ke rabuwa da sanadinsa, ya bazu kan komai. Shi ne likitoci suke kira ciwon zullumi na gama-gari. Yaro yana zullumin jarrabawa, aka yi jarrabawa ya ci, sai ya koma zullumin ko mahaifiyarsa za ta mutu kafin a tashi, ko malam yana fushi da shi, ko ya rufe ƙofa, ko gobe za a sami abinci. Yana sane da cewa tunanin ya yi yawa, amma ba ya iya tsayar da shi. Ƙa'idar likitoci ita ce abin ya kai wata shida yana zuwa a mafi yawan kwanaki, tare da alamu irin su rashin natsuwa, saurin gajiya, kasa tattara hankali, saurin fushi, ɗaurewar jijiyoyi da rashin barci. Ga babba ana neman uku daga cikin shidan nan, ga yaro ɗaya ma ta isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri-iri, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa.

Ku sake duba alamun nan shida, 'yan'uwa. Rashin natsuwa muna kiransa ƙiriniya. Kasa tattara hankali muna kiransa daƙiƙanci. Saurin fushi, rashin kunya. Gyangyaɗi a aji, lalaci. Kusan kowace alama tana da suna a littafin laifi na makaranta, kuma kowace tana da adadin bulalarta. Yaro Bahaushe kuwa ba zai zo ya ce “Malam, ina cikin zullumi” ba. Zai ce kansa na ciwo, cikinsa na murɗa, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsa. A kai shi kemis, a sayi maganin zazzaɓi, a dawo.

Daga nan ne ake isa ga mataki na uku, wanda ya fi wuyar fahimta ga mai lafiya. Mu da muke maƙwabtaka da masu noman rani mun san ruwan Tiga. Tun da aka gama madatsar a 1974 ruwan ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma kowane manomi ya san idan kacalla da yashi suka toshe hanya, ruwa ba ya komawa Tiga, sai ya fasa gefen da ya fi rauni. Yaron da aka hana kuka, aka hana magana, ba shi da wanda zai gaya wa, wata rana yakan gano cewa zafin jiki yana ɗauke masa zafin zuciya na ɗan lokaci. Wasu sukan ce sun yi ne don su hukunta kansu, kamar yarinyarmu da ta yarda ita ta kashe ƙanenta. Wasu sukan ce jikinsu ne ya mutu, ba sa jin komai, suna so su ji wani abu. Sauƙin ba ya daɗewa. Kunya ta biyo baya, zullumin kada a gani ya ƙaru a kan na da, sai a sake. A wajen maza sau da yawa abin yakan ɓuya a cikin naushin bango, da ganganci a kan babur, da ƙwayoyi da maganin tari.

Abu biyu ya kamata mu riƙe tare. Mafi yawan yaran da ke raunata kansu ba mutuwa suke nema a lokacin ba, hanyar jure rayuwa suke nema, don haka bai kamata mu yi ihu mu tara jama'a ba. Amma kuma raunata kai yana cikin manyan alamun da ke nuna haɗarin kashe kai a gaba, don haka wanda ya ce “neman a kula ta take yi, ku rabu da ita” ya yi babban kuskure. Ko da neman kulawar take yi, ai kulawar ce ta rasa.

A nan akwai abin da ya keɓanci yankinmu. Gidajen manoma cike suke da maganin feshi, a ƙarƙashin gado, a kan taga, a kusa da buhun hatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi. Yawanci shawara ce ta 'yan mintoci, bayan faɗa ko abin kunya, wadda da mutum bai sami komai a kusa ba, da ta wuce. Ƙasar Siri Lanka, ƙasar manoman shinkafa irin namu, ta haramta magungunan feshi mafiya dafi, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, noma kuma bai durƙushe ba. A nan ma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani irin maganin a kasuwa a 2019. Ba mu da ikon yin doka, amma muna da taron iyaye da malamai. Akwati da kwaɗo, makulli a aljihun maigida: wannan kuɗinsa bai kai na kwandon tumatir ɗaya ba, kuma muna roƙon kowane shugaban makaranta ya faɗe shi a taro na gaba.

Mun san za a ce ina maganar iskokai. Dattawanmu a nan suna tuna tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makarantun Kano, sunan Sumbuka ya cika gari. Ba mu zo mu yi jayayya da abin da addini ya tabbatar ba, kuma addu'a ba ta taɓa zama kishiyar asibiti ba. Sama da shekara dubu da suka wuce malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Abin da muke ƙi shi ne a daki yarinya da sunan korar aljani, ko a ɗaure yaro da mari. Duk mun ga abin da aka tarar a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019. Wanda tsoro ya kwantar, ƙarin tsoro ba zai tashe shi ba.

Wannan ya kawo mu ga bulalarmu. Yawancinmu da ita aka rene mu, kuma mukan ce ga mu nan mun zama mutane. Gaskiya ne, mun zama. Amma mu da muka tsira ne muke zaune a nan muna ba da shaida. Abokan ajinmu da suka gudu daga makaranta ba su dawo ba, babu wanda ya gayyace su taro. Ba mu ce aji ya zama kasuwa ba. Mun ce malamin da ke gaban yara ɗari bai san wanne ne daga cikinsu aka kwana ana dukan uwarsa ba, kuma bulala ɗaya ba nauyi ɗaya take da shi a bayan kowa ba. Da yawa daga cikinmu ma, idan za mu faɗi gaskiya, alamun nan shida muna jin su a jikinmu a ƙarshen wata, mu shiga aji da su, mu koma gida da su.

To, malamin da ya ga tabo, me zai yi? Kada ya tambaya a gaban aji, kada a kai zancen taron safe. Ya nemi wuri mai sutura amma ba rufaffen ɗaki ba, mace ta sami malama. Ya faɗi abin da ya gani kawai: “Na ga ciwo a hannunki, na damu, me ke faruwa?” Sa'an nan ya yi shiru, wanda shi ne abu mafi wuya ga malami. Kada ya fara da wa'azin wuta, kada ya sa ta rantse ba za ta sake ba, domin idan ta sake sai ta ɓoye masa. Ya tambaya kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Mutane suna tsoron wannan tambaya, suna ganin za ta cusa tunanin, amma bincike ya nuna ba ta cusawa. Sau da yawa sauƙi yaro ke ji da aka furta. Idan amsar e ce, ba a barin ta ita kaɗai, asibiti za a tafi a ranar. Kada kuma malam ya yi alkawarin rufe sirri gaba ɗaya. Ya ce, “Ba zan yaɗa ba, amma dole in gaya wa wanda zai taimake mu, kuma za mu zaɓe shi tare.” Wannan zaɓi yana da muhimmanci, domin wani lokaci wanda za a kira daga gida shi ne mai laifin.

Mu ba likitoci ba ne, kuma kada mu liƙa wa yaro sunan cuta. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Asibitin Dawanau, akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala ga wanda aka yi wa fyaɗe. Ciwon zullumi yana jin magani. Akwai na tattaunawa, inda ake koya wa mutum kama tunanin da ke tsorata shi ya auna shi, akwai kuma ƙwayoyi idan likita ya ga buƙata. Iyaye sukan ji an ce Dawanau su ce ɗansu ba mahaukaci ba ne. Aikinmu ne mu yi musu bayani, in ta kama mu raka su. Doka ma ta fara sauyawa: a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma a 2023 ɗin Jihar Kano ta sami dokarta ta kare yara.

Ba kowane yaron da ya ga tashin hankali ne ke rushewa ba. Wata masaniya, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a wani tsibiri na Hawayi har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a gidaje mafiya wahala, kusan ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa. Da aka duba abin da suka yi tarayya a kai, sai aka tarar kusan kowannensu yana da aƙalla babba ɗaya da ya tsaya masa, kaka, ko gwaggo, ko maƙwabci, kuma sau da yawa malamin makaranta.

Saboda haka muna gabatar wa reshe buƙata. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, ana gina ajujuwa, ana gyara rufi. Muna so idan shugabanninmu suka zauna da sakataren ilimi, su sa a cikin takarda cewa kowace makaranta ta sami malami da malama masu ba da shawara, waɗanda aka horar, aka rage musu darasi, ba wanda aka ɗora wa muƙamin don jadawalinsa bai cika ba. Muna so reshe ya gayyato ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ya yi mana bita ta yini ɗaya kafin zangon karatu ya ƙare, a kuma buɗe ta ga matanmu da mazajenmu.

Yarinyar nan tana zuwa asibiti sau ɗaya a wata, gwaggonta ke raka ta. Ba ta warke ba tukuna. Ta sake yi sau biyu, amma duka biyun ita da kanta ta zo ta gaya wa malamar. Da hutun da ya wuce mahaifinta ya zo daga Kura, aka zaunar da shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce shi duk shekarun nan kansa yake zargi, don shi ya bar yara biyu a bakin ruwa ya shiga gona. Ya roƙi a kira masa ita.

Mai girma shugaba, takardar buƙatun tana hannun sakatare.